Jami'ar da Ke Kan Tudu

Jami'a ta uku ke nan da Auta da babanta suka je dubawa a makon, kuma ƙafafunta sun gaji da ɗaukar ta. Ta zauna a barandar ɗakin karatu da rigunan sanyi biyu a jikinta, tana kallon Baba yana bin katangar ɗakunan kwanan mata yana ɗaga kai, sai ka ce shi zai sayi wurin.

"Katangar ba ta yi masa ba ko?"

Ta waiwaya. Wani dogon saurayi ne, ɗan ajin ƙarshe, cikin ɗaliban da aka sa su zagaya da baƙi. Muryarsa har ta dushe don bayani.

"Babu katangar da ta taɓa yi masa," ta ce. "Ta gidanmu ma ƙara mata tsawo ya yi."

Ya yi dariya, ya miƙa mata kofin shayin da bai kai bakinsa ba. Ta riƙe shi da hannu biyu don ɗumin. Dogo abokansa ke ce masa, ita ma ta bi sahu. Kafin Baba ya gama da katanga, lambarta ta shiga wayarsa.

Jami'ar cikin birni Baba ya riga ya soke ta, don ɓarayi sun taɓa shiga ɗakunan mata. Saura biyu. Ta can gangare zafi ne kamar bakin murhu, ana rufe ƙofa da wuri, babu abin da ke faruwa sai karatu, amma asibiti na jikin katanga. Wannan ta kan tudu kuwa ga ciyawa shar, ga wasanni, ga ƙungiyoyin ɗalibai, ga Dogo. Ga kuma sanyi, abokin gabar mai ciwon sikila, ciwon da Auta ta taso da shi.

Saƙonsa na farko ya same ta a mota: "Sanyin idona, kun isa lafiya?"

Ta mayar: "Ka nemo wani sunan. Ni da sanyi ba ma ga maciji."

"To, Ranata. Ya hanya?"

A gida ta ce ita kan tudu take so. Baba ya murza goshi.

"Auta, ni ba yaro ba ne, na ga yadda kike yi wa waya murmushi. Ban san yaron nan ba, ba zan zage shi ba. Amma ni nake ɗaukar ki zuwa asibiti duk lokacin da gari ya yi sanyi. Bayana ya fara gajiya, 'yar nan."

Ta yi kuka, ta daina cin abinci da su, har ya ce ta je can tudun ta yi mako guda tare da Yaya, babbar yayarta, ta gani da idonta.

Ruwa ya tsuge a rana ta biyu. Kafin la'asar ciwon ya kama mata ƙasusuwa, tana ihu a motar haya, asibiti kuma sai an sauka daga tudun. Dogo ya bi su, ya wuni a bencin waje, yana jin muryarta ta cikin ƙofa. Da aka sallame ta, saƙonsa ya shigo:

"Kada ki zo makarantarmu. Ki je gangare. Na roƙe ki."

Ta karanta, ta kife wayar. Ta san wannan maganar. Ƙawaye ma haka suke janyewa idan sun ga ciwon ido da ido. Ga shi kuma duk hoton da ya saka, wata yarinya 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo na tsaye kusa da shi. Ta rubuta, "Na gane. Allah ya bar ku tare," ta toshe lambarsa.

Gangare ya karɓe ta yadda Baba ya ce. Ciwon ya yi sauƙi, kwanakin suka yi tsawo. Daga aji sai ɗaki, sai fankar da ke kaɗa iska mai zafi. Wani matashin likita a asibitin ya fara zuwa gaishe ta, mutumin kirki, Baba har ya fara ce masa "ɗana". Ita kuwa idan ya zauna sai ta ji kamar awo aka zo yi mata.

Wata rana da azahar mai gadi ya ce tana da baƙo. Ta tarar da Dogo a inuwar ƙofa, ya rame, ƙurajen zafi sun feso masa a wuya, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Me ya kawo ka?"

"Aiki. Ina koyar da lissafi a sakandaren bayan kasuwa. Tun da na gama nake neman gurbi a garin nan."

"Ita 'yar wasan fa?"

"Matar abokina ce yanzu, ni na yi ta kai mata saƙonsa." Ya share fuska. "Ranata, ranar nan na ji ihunki, na san saboda ni kika hau tudun. Ban iya magana ba, shi ya sa na rubuta ta a gajarce. Da kin bar ni na ƙarasa."

Ta zauna a dakalin mai gadi. Ba ta ce ta yafe ba, ta dai aika aka sayo masa ruwan sanyi.

Baba bai sauko da wuri ba. Ya fi son likita, kuma bai ɓoye ba. Ya tura Dogo gwajin jini a asibiti biyu, duka suka nuna ba ya ɗauke da ciwon. Sannan ya zaunar da shi a falo.

"Wannan ciwo ba ya ƙarewa, yaro. Za ka gaji."

"Zan gaji, Baba. Kai ma ka gaji, amma ban ji an ce ka ajiye ta ba."

Baba ya kalli Dogo. Ya ce, "Sai ta gama karatu."

Suka jira. Shekarun ba su yi gudu ba, akwai jarabawa, akwai kwanciya asibiti, akwai ranakun da babu mai ƙarfin cewa komai sai "ya jiki". Bayan ta karɓi sakamakonta aka ɗaura aure, taro kaɗan, yawanci dangi.

Da za su tafi, Baba ya dafa kan Auta, ya dafa kafaɗar Dogo.

"Allah ya ba ku lafiya da zaman lafiya. Ranar da ɗaya ya kasa, Allah ya ba ɗayan ƙarfi."

Suka ce amin. Auta ta jingina kai da kafaɗar mijinta a bayan mota, kuma kafin su fita daga layin barci ya ɗauke ta.