Ayar da Mama Ta Tsallake

Mama ta ture wayar Auta mai hoton budurwarsa kamar an miƙo mata ƙazanta.

—Malamar Ƙur'ani? Shekara bakwai kana ƙasar waje, ka rasa wadda za ka kwaso mana sai wannan?

Yaya Babba ta kwashe da dariya. 'Yarta tana makarantar da malamar ke aiki, inda ake koyar da Turanci da Faransanci da Larabci, iyaye kuma na gasar motoci a bakin get.

—Ai na san ta, Mama. Ajinta ne can ƙuryar baranda, jikin janareta. Da ma ticar Faransanci ce, da da sauƙi!

Auta ya ciji leɓe. Tun dawowarsa gidan ke masa ƙunci: mutanen da ko gaisuwar Faransanci ba su iya ba, su ne masu auna darajar mutum da shi! Amma ya rantse ba zai yi aure ba sai da albarkar Mama.

—Gobe ka kai ni, in ji Mama. Da bakina zan ce ta fita harkarka.

Ya kai ta. Ta ce minti biyar, sai da ya yi awa guda a mota yana kaɗa ƙafa. Ta fito idanu jawur.

—Me ta yi miki, Mama?

—Ja motar, sarkin tambaya!

Sai da suka hau titi ta yi magana.

—Na tarar jikata na biya Tabaraka. Na katse ta, na ce wannan wane irin karatu ne, har da ƙari? Na biya musu yadda na sani, don in kunyata malamar. Ashe ni ce ke tsallake aya, shekara arba'in! Yara suka fara ƙus-ƙus. Sai malamar ta sallame su, ta rufe ƙofa, ta durƙusa ta ce, "Mama, ko za mu biya tare?" Sau bakwai muka maimaita. Ko murmushi ba ta yi ba.

—To, kin faɗa mata ta fita harkata?

—Ungo naka! Ka gaya wa kawunnanka su shirya.

Da Yaya Babba ta ji, ta taɓe baki:

—Yanzu 'yar ajin janaretar?

—Ke da Faransancin aro, rufe min baki! in ji Mama.

Haƙurin Auta bai faɗi ƙasa banza ba. Wanda ka je tona wa asiri ya rufa naka, ya fi ka, ko da yare nawa kake taƙama.