Tsakuwar Ƙarshen Layi

Is'haƙa ɗan Dogon Dutsi ne, yana aiki da wani kamfanin manhajar waya a Yamai. Ba shi ke rubuta manhajar ba. Nasa shi ne ya saurari masu sayar da wake, ya dawo ya jera wa ma'aikata ayyuka: mafi muhimmanci a gaba, daga nan ake farawa. Na ƙarshen layi kuwa, ba a taɓa kai masa.

Manhajar ta ƙi karɓuwa, tsaransa suna ta gina gidaje. Ranar wata kasuwa ya zo Dogon Dutsi, ya hau kabu-kabu, ya bi hanyar Ɗan Kassari zuwa wurin wani boka.

Bukkar tana gindin tsamiya. Ciki akwai tukunya baƙa, bakinta ɗaure da jan ƙyalle, jini ya bushe a jikinta, ƙudaje ba sa sauka kanta.

"Mine ne aikinka, ɗan lakwal?" in ji boka, don ya gan shi ɗan boko.

"Ni ke faɗin abin da za a fara yi, Baba."

Tsohon ya yi dariya. "To, kai da doguwata, aljanar tukunyar nan, za ku shirya." Ya zube tsakuwa huɗu. "Mutanen gidanka na, har da kai. Jera mata su yadda kake jera aikinka."

"Don mi?"

"Ta san inda za ta fara."

"Fara mi, Baba?"

"Arziki kake so ko hira?"

Hannunsa ya saba. Amira, ɗiyarsa, ya sa gaba. Sai Nazifa matarsa, sai Inna Kaltume mahaifiyarsa. Kansa ya sa ƙarshe, har yana jin ya yi abin kirki.

Kafin kaka manhajar ta shiga kowace kasuwa. Ya yi bene, ya sayi mota. Ranar da suka tare a benen, Amira ta faɗi tsakar gida, ba ta ƙara numfasawa ba. Bayan arba'in Nazifa ta kama yi wa bango tawai, murmushi ba dalili, ta mutu tana yi. Inna Kaltume ta bi ta.

Ya koma bukkar da kuka. "Baba, ce mata ta ɗauke ni!"

"Kai kana ƙarshen layi. A biro ɗinku, can wurin aiki, ana kai wa na ƙarshe?"

Yau yana bakin tashar Dogon Dutsi cikin tsumma, yana jera tsakuwa huɗu, tasa a gaba. Doguwa ba ta sake jeri.

Ku ji tsoron Allah, 'yan'uwa. Wanda kwaɗayi ya kai shi gindin tsamiya, da hannunsa zai nuna wanda za a fara ci.