Takardar da Aka Kai Gida Biyu

Sa'adiya tana durƙushe tsakanin kunyoyin masara a bayan garin Kafur, tana ƙirga ƙuduji, ta ji an yi sallama a kanta.

"Sannu da aiki, Malama. Mu tumɓuke shi muke yi, ke kuma na ga kina lallaɓa shi kamar ɗan goyo."

Ta ɗago a fusace, amma da ta ga yadda mai maganar ya sunkuyar da kai yana danne dariya, sai fushin ya tafi. Awaisu ke nan, malamin gona na yankin. Ta gaya masa digiri na biyu take yi a fannin noma, bincikenta kuma a kan wannan ciyawa ce mai shanye masara. Daga ranar bai ƙara barinta ta ja igiyar awo ita kaɗai ba.

Kafin masarar ta yi goyo, magana ta wuce ta ƙuduji. Kullum da safe saƙonsa ke riga rana shigowa ɗakinta a Malumfashi.

"Barka da asuba, Daktata. Gonarki ta kwana lafiya, mai gadinta ne dai bai ga mai ita ba tun shekaranjiya."

Ita kuma ta mayar: "Malamina, ka daina kirana Dakta tun ban samu ba. Amma kar ka daina gadin."

To, a gida ne ake yin ta. Alhaji Bature, mahaifinta, babban ɗan kasuwar hatsi ne, kuma da ya ji labari cewa ya yi, "Malamin gona? Ban da babur da takalmin roba me ya ajiye?" Duk da haka, da kawun Awaisu ya zo gaisuwa, bai kore shi ba. Ya ce a bari yarinya ta kammala karatu, sai a zauna.

Ba a jima ba mutanen Dakta Kabiru suka zo daga Funtuwa. Malami ne a sashen su Sa'adiya, ɗan aminin Alhaji kuma. Su ma amsar da aka ba su ke nan, harafi da harafi. Hajjo, mahaifiyarta, ita ta tsegunta mata, ranar Sa'adiya ko tuwo ba ta ci ba.

Karatun kuwa ba ya kammaluwa sai wata mujallar ilimi ta karɓi takarda daga cikin binciken, dokar sashen ke nan. Sa'adiya ta sha wuya a kan takardar nan. Ta rage kalmomi, ta sake teburan alƙaluma, ta jera manazarta yadda mujallar ke so, sufabaizarta, malamar da ke duba aikinta, ta dawo mata da ita duk jan biro, ta sake. A ofishin Awaisu, da kwamfutarsa, ta danna ta tura.

Daga nan shiru. Aka girbe masara, aka casa dawa, mujalla ba ta ce uffan ba. Sa'adiya ta rame, ta zama ko wayarta ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi. Kabiru kuwa ya tsare ta a bakin sashe ya ce, "Da sunana yana gaban naki, da tuni an wuce wurin. Ki yi tunani, a kan takardar da ma sauran abubuwan."

Amsar da ta zo daga ƙarshe gara da ba ta zo ba. Editan ya rubuto cewa masanin da aka ba ya duba takardar ya ga irinta sak a wata mujalla ta daban, alhali Sa'adiya ta tabbatar musu ba ta kai ta ko'ina ba. Sun dakatar da ita, kuma sun sanar da sashe.

Sa'adiya ta yi rantsuwa a gaban sufabaizarta har hawaye ya hana ta magana. Da ta fito, Kabiru yana jiranta.

"Na ga ta biyun. Sunanki ne a kai, amma adireshin imel na saurayinki ne. Mutumin da zai ɗauki aikinki ya kai shi kasuwa a bayan idonki, shi kike so ki ba amanar kanki?"

Wallahi maganar ta soke ta. Ta daina ɗaukar kiran Awaisu. Saƙo ɗaya ta tura masa: "Kai ne?"

"Ni ne, Sahibata. Na ga kina ƙarewa da jira, na kasa jurewa. Ban san laifi ba ne. Ki bar ni in gyara, ko da daga nan ba za ki ƙara kallona ba."

Ta kife wayar. Tana son sa, tana jin haushinsa, kuma duk biyun sun ƙi sakinta.

Ranar Juma'a bayan la'asar Hajjo ta leƙo ɗakinta. "Tashi ki ji, ga mutuminki can a zaure wajen babanki." Suka laɓe a bayan ƙofa su biyu.

Awaisu yana durƙushe nesa da tabarma. "Baba, laifin nawa ne, ba nata ba. Mu a gidanmu ba a zuba iri duka a gona ɗaya. Rabi a tudu, rabi a fadama, in ruwa ya yi gardama a nan, a ci a can. Da haka na taso. Da na ga mujallar farko ta yi shiru, sai na kai ta wata. Na rubuta wa editocin biyu na faɗi gaskiya, na janye ta biyun, na je na faɗa a gaban shugaban sashe."

Alhaji ya gyara zama. "To ni ban ga aibu ba. Wane mai hankali ne zai jingina da wuri ɗaya?"

"Ni ma haka na ɗauka, Baba. Amma su kowanne ya ba da lokacinsa ne a kan alkawarin shi kaɗai aka kawo wa. In an kai gida biyu, dole ɗaya aka yaudara. Ita kuma takardar, ko tana da kyau, sai ta zama abin zargi a duk gidajen."

Maganar ta shigi Alhaji Bature. Ya daɗe yana jan carbi ba tare da ya ƙirga komai ba. Hajjo ta matse hannun 'yarta.

"Tashi ka tafi, yaro," in ji Alhaji a hankali. "Ka gaida kawunka."

Da Alhaji ya shigo gida bai kalli kowa ba. Ya ce wa Hajjo ta fito masa da babbar riga, gobe da sassafe zai je Funtuwa. "Akwai mutanen da na bari suna jiran abin da na riga na ce wa wasu su jira. Gara in je in ba su haƙuri da bakina." Sannan ya juyo. "Ke Sa'adiya, wa kike so? Gida ɗaya za ki faɗa mini."

Ta rufe fuska da mayafi tana kuka. "Mai takalmin robar, Baba."

Ba nan take wahala ta ƙare ba. Editan ya yarda ya sake dubawa, amma masu dubawar suka nemi sakamakon wata damina. Sa'adiya ta koma gonar Kafur, Awaisu yana riƙe da bakin igiya, ita kuma ta hana shi taɓa kwamfuta ko da wasa. Sai bayan girbi na biyu aka karɓi takardar.

An ɗaura auren a ƙofar gidan Alhaji Bature a Malumfashi. Da za a tafi da amarya, ya dafa kanta ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari." Ya dubi angon da ke durƙushe. "Kai kuma, masara ka ci gaba da rabawa tudu da fadama. Wannan dai gida ɗaya na kai ta."

"Na karɓa, Baba," in ji Awaisu.

Daga cikin lulluɓi Sa'adiya ta ce amin, kuma ita kaɗai ta san daɗin da kalmar ta yi mata.