Ranakun da Layin Yake Sauka

"Kada ka ƙara zuwa, Umar."

Shamsiyya ta faɗa ba tare da ta ɗago kai ba. A soron gidansu na Mandawari suke tsaye, tana riƙe da kwanon tuwon da Baba ya ƙi ci. Shi kuwa daga rumfarsa ta dukanci a Ƙofar Wambai yake, ko gida bai biya ba.

"Sahibata... me na yi?"

"Gwaggo Turai ta ce kai kake tayar wa Baba da hawan jini. Wai baƙin cikin zan auri baduku ne yake cinsa, ga shi ba bakin faɗa."

"Ke kin yarda?"

"Na gaji, Umar! Wallahi ba ni da ƙarfin yarda, ba ni da na musu."

Ya ajiye kwalbar man zafin da ya zo da ita a kan dakali, ya fita.

Wata bakwai ke nan da ɓarin jikin Baba ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Mahaifiyarta ta rasu, don haka wanka, wanki da ɗagawa duk a wuyanta suke. Gwaggo, ƙanwar Baba, ko tsumma ba ta taɓa wanke masa ba, amma wajen shawara ba a bar ta a baya ba, musamman in zancen ya biyo ta kan ɗanta Sule mai mota. Umar ne dai yake zuwa duk Talata da Juma'a bayan la'asar, ya matsa wa tsohon ƙafa, ya kwashe labarin kasuwa ya ba shi. Yanzu wannan ma ya yanke.

Abu ɗaya ne ba ta fasa ba. Kowace yamma sai ta auna jinin Baba, ta shigar da lambar a Excel cikin tsohuwar kwamfutarta ta makaranta. Shigarwa kawai take yi, ba ta ko waiwayar na jiya.

Bayan sati shida Sule ya kai su asibiti, Gwaggo na gidan gaba. Dakta Dije ta kalli jerin lambobin a kwamfutar da Shamsiyya ta zo da ita, ta girgiza kai.

"Ƙanwata, lamba sama da ɗari biyu? Ga mutane cike da benci suna jirana. Zaɓi jerin kwanan wata da na awon, ki danna Insert, ki ɗauki zanen layi."

Shamsiyya ta danna, idanunta na yaji don rashin barci. Layi ya fito kamar haƙoran zarto, ya hau ya sauka, ya hau ya sauka. Can wajen ƙarshe sai ya miƙe sama, bai ƙara saukowa ba.

"Kin gani? A da sau biyu yake sauka duk sati. Wane magani kike ba shi da kika daina?"

"Ban daina komai ba, Dakta."

Ta ɗora kibiyar kwamfutar a kan gangaren farko, kwanan wata ya bayyana. Ta lissafa a ranta. Talata. Na gaba, Juma'a. Na gaba, Talata... Ta janye hannunta daga kwamfutar.

"Ba magani ba ne," ta ce, hawaye na zubo mata. "Mutum ne. Ni na kore shi."

Gwaggo ta yi tsaki. "Ikon Allah! Yanzu kwamfuta ce za ta zaɓa mana suruki?"

"Hajiya, ni dai abin da na gani na faɗa," in ji likitar.

Baba na kan keken marasa lafiya, kowa ya manta yana ji. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya da ƙyar, ya ɗora yatsa a kan allon, yana bin gangaren ɗaya bayan ɗaya har inda suka ƙare. Sannan ya juyo ya dubi 'yarsa.

"Yau... wace... rana?"

"Talata, Baba."

"To... me kike... jira?"

A baranda ta kira Umar a waya. Bugu ɗaya ya ɗaga.

"Umar, ka yafe min..."

"Yaya ƙafar Baba?" ya tambaya.

Ta jingina da bango, ta lumshe ido.

"Tana jiranka bayan la'asar. Ni ma haka."