Ƙwan da Ke Ƙarƙashin Kututture

Magariba ta sauka a kan tsaunukan Guizhou na ƙasar Sin, hazo ya lulluɓe gonakin shayi. Iyalin Tan Fugen suna cin shinkafa sai tsakuwa ta faɗo kan rufi. Wata ta biyo. Fugen ya leƙa waje, babu kowa.

Da safiyar ranar ya ɗaga wani ruɓaɓɓen kututture a daji, ya tarar da maciji mai karyewa ya naɗe ƙwansa. Ba maciji ba ne ma, ƙadangare ne mara ƙafa, mai ƙifta ido, wanda jelarsa ke gutsurewa in an kama shi. Mutanen yankin sun ce tunda yana karyewa, to yana ɗora ƙashi. Mahaifiyar Fugen kuwa tana kwance da karayar ƙugu. Sai ya jefa ƙadangaren da rai cikin tulun giya, ya toshe, don ya haɗa mata magani.

Tun daga ranar 'yarsa Ayin ta daina cin abinci. Da yamma ta yi sai ta shige ƙarƙashin gado, ta naɗe jikinta, ta rungume abin da ba a gani. In uwarta Shulan ta miƙa hannu, sai ta yi mata huci. Yarinya ta rame, tsakuwa ba ta fasa ba. Suka rasa yadda za su yi.

Aka hauro da Malam Pu, mai korar iskoki, daga ɗakin bauta. Ya kunna turare, ya durƙusa da ƙyar a bakin gadon.

"Wane ne ke cikin yarinyar nan?"

Muryar da ta fito ta tsohuwa ce. "Ku tambayi tulunku."

"Me kike so?"

"Da gudu na yi, da na bar masa jela na tsira. Ban gudu ba, don ina kan ƙwai. Wa zai kore musu tururuwa? Ya ɗauki uwa, na ɗauki 'ya."

Shulan ta fashe da kuka. "Malam, ka roƙe ta mana!"

Malam Pu ya daɗe yana lallashi kafin a daidaita: Fugen zai ciro uwar ƙwan daga tulu ya binne ta, ya yi gadin ƙwan har su ƙyanƙyashe.

"In sun rayu, taku ta rayu," in ji muryar. Ayin ta yi atishawa, ta ce tana jin yunwa.

Washegari Fugen ya ɗaga kututturen. Tururuwa sun rigaye shi, ɓawo kawai ya rage. Ya zauna a wurin har rana ta faɗi.

"Suna lafiya?" Shulan ta tambaye shi.

"Lafiya ƙalau."

Kullum yana tafiya gadin ramin da babu komai. Ayin ta murmure, har ta koma makaranta. Ran nan da magariba ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baba, sun ƙyanƙyashe?"

"Saura kaɗan, 'yata."

Ta dube shi, ta ƙifta ido a hankali. Sai tsakuwa ɗaya ta faɗo kan rufi.