Adireshi Bakwai a Gindin Turke

Ranar Laraba ce. Hadari ya haɗu tun la'asar, ruwa ya ƙi sauka.

Kamfanin waya ya tura Injiniya turken sadarwa na bayan gari. Aikin ba wuya. Kowace waya sai da adireshi take shiga intanet. Tsofaffin adireshi sun ƙare, aka koma sabon tsari mai dogayen lambobi. Nasa kawai ya kwashe jama'a zuwa sabon, ya share tsohon.

Ya isa rana na faɗuwa, tsohon maigadi na naɗe tabarma.

"Ɗana, bari sai gobe mana. Turke ba gudu zai yi ba."

"Haba Baba, maigadi da tsoron duhu? Wane irin maigadi ne kai?"

"Irin wanda ya kai tsufa," in ji tsohon. Ya hau kekensa.

Ɗakin na'urori ɗan ƙarami ne, sai sanyi da warin man janareta. Fankoki na gurnani. Ya jona kwamfuta, ya kwashe kowa lafiya lau. Adireshi bakwai suka rage a ƙasan jeri, ba suna, ba lambar waya. Wanda ya riƙe turken kafinsa ya rubuta a gefe: "Na masu wuri ne."

Injiniya ya ja tsaki. Ya share su.

Kwaɗin da ke kuka a waje suka yi tsit. Wani wari ya taso, kamar an watsa wa garwashi ruwa. Can sama, tsanin ƙarfe ya motsa. Ƙwas. Ƙwas. Ana saukowa, ba gaggawa. Kuma ba mutum ɗaya ba.

Takun ya wuce ƙofar ɗakin, ya nufi gari.

Bai gama sakin numfashi ba wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Maigida, ka turo min baƙi ba ko sanarwa? Tukunyar ko mu ba ta isa ba."

"Waɗanne baƙi?"

"Ga su nan suna ta sallama. Wai ka tashe su daga gidansu, nan za su zauna." Ta rage murya. "Baban yara, na leƙa ta ƙasan ƙofa. Ba ƙafafu."

"Kar ki amsa. Kar ki buɗe. Tara yara ɗaka ki yi ta addu'a."

Tsohon tsari ya tafi, ba ya dawowa. Sai dai ya yanka wa masu wurin sababbin adireshi. Lambobi dogaye, cakuɗe da haruffa.

Ya buga na farko. Tsani ya ce ƙwas. Ɗaya ya hau.

Na biyu. Na uku ya kuskure, ya sake.

"Suna murɗa hannun ƙofa," ta raɗa.

Na huɗu. Na biyar. Na shida.

Janareta ya yi tari ya mutu, batura suka bi shi.

Duhu.

Numfashi mai ɗumi ya sauka a ƙeyarsa.

"Saura ƙanenmu."

Bai san yadda ya fita ba. A kan babur ya ga ba takalmi a ƙafarsa.

Ya tarar da ƙofa a kulle, sallama ta ɗauke. Matarsa ta buɗe. Da hannu ta nuna masa ɗakin yara.

'Ya'yansu uku ne. Kawuna huɗu ya ƙirga a ƙarƙashin bargon, duk suna numfashi a hankali.

Bai ɗaga bargon ba. A bakin ƙofar ɗakin ya kwana zaune.

Gari na wayewa ya ɗaure jarkar mai a babur, ya koma. Ya tada janareta, ya buga adireshi na bakwai da yatsa ɗaya, ya karanta shi sau uku. Sannan ya kira gida, ya ce ta ƙirga masa yaran. Ta ce uku. Ya ce ta sake ƙirgawa.