Fitilar Da Yaya Bai Rubuta Ba

Ranar da Auta ta fara ganinsa, ya shigo ofishin tsara tafiyar jirage ne riƙe da littafin gyara, hannunsa duk baƙin mai. Aikinta bin jirgi da rediyo da kwamfuta tun daga tashinsa har saukarsa, kuma ba ta wasa da tsabtar teburinta.

"Tsaya daga nan, Injiniya. Takarduna ba su saba da gareji ba."

"Makanike dai, ranki ya daɗe," ya ce yana murmushi. "Ke ce nake ji a rediyo? Ashe muryar ba ta yi ƙarya ba."

Daga ranar ya raɗa mata 'Yar Rediyo. Kafin wata biyu, ita da ke cewa ba ta da lokacin samari ta koma leƙen waya ƙarƙashin tebur.

"'Yar Rediyo, na duba jirage huɗu yau, duk lafiya. Ni ne ba lafiya, tun safe ban ji ki ba."

Matsalar ita ce Yayanta. Kyaftin ne a kamfanin, shi ne kuma uba tun rasuwar mahaifinsu, ya riga ya zaɓa mata mataimakinsa, mai farar riga da ƙamshin turare.

"Ina tuƙa jirgi, ƙanwata ta auri mai kwanciya a ƙarƙashinsa? Ba da ni ba."

Ya daina amsa gaisuwar makaniken. In ya sauka, maimakon su tsaya su yi maganar jirgin kamar yadda aka saba, sai ya ajiye littafin da matuƙi ke rubuta matsalolin jirgi a kujera ya wuce. Wannan gaba tana ba Auta tsoro fiye da faɗan.

Wata Talata da hantsi saƙo ya faɗo kwamfutarta daga jirgin Yaya: "Mun saki tayoyi. Fitilar hagu ba ta kama ba. Man da ya rage na minti talatin ne. Mutum tamanin da shida."

Fitilu uku ne ke shaida cewa tayoyi sun kulle. Ta kira makaniken, ya iso yana haki, ya buɗe kwafin littafin jirgin. Babu komai a shafin.

"Tambaye shi," ya ce mata, "da ya sauka da safe fitilar ta yi jinkirin kamawa?"

Ta tambaya. Sai hucin Yaya ya fito ta rediyon.

"Auta, ki ce masa ya karanta littafi."

"Yaya, ba komai a littafin. Shi ya sa yake tambaya."

Ta san ana naɗar duk abin da aka faɗa a layin nan. Ta san kuma hukuncin matuƙin da ya ga matsala bai rubuta ba. Ta taga tana hango motocin kashe gobara suna jeruwa a gefen titin jirgi.

Makaniken ya karɓi makirfon daga hannunta a hankali.

"Yaya, ni ne. In ta yi jinkiri da safe kuma tayar ta ɗauke ka lafiya, makunnin fitilar ne ya gaji. In ba ta taɓa yi ba, sai mu ɗauka tayar ba ta kulle ba, a shirya wa mummunar sauka. Ba zan yi canki-canka da rayukan mutane ba."

Saura minti goma sha tara. Auta ta runtse ido.

"Ta yi," in ji Yaya, muryarsa a dushe. "Yau da safe, da jiya ma. Ban rubuta ba."

"Na gode, Yaya. Ja hannun sakin taya na gaggawa, ka ratsa ƙasa-ƙasa ta gaban hasumiya. Zan fita in gani da idona."

Jirgin ya wuce da ruri, makaniken yana tsaye a fili da madubin hangen nesa.

"Tayar tana tsaye daidai. Sauko," ya ce wa Yaya ta rediyo.

Tayar dama ta taɓa ƙasa, sai ta hagu. Hayaƙi ya tashi, fiffiken ya ɗan karkata, tayar ta riƙe. Auta ta rubuta lokacin sauka kamar kullum, sannan ta kifa kai a tebur ta yi kuka.

An dakatar da Yaya a ranar. Sati uku bai ce mata uffan ba, ta fara cire rai. Sai wani yammaci ya tsaya a ƙofar ɗakinta, cikin kayan gida, ya rame.

"Ki ce ya turo manyansa."

"Yaya, ba ka jin haushinsa?"

"Yana son ki, ni ne ke riƙe da aurenki, amma bai rufa min asiri a kan ran mutane ba. Wa zan ba ki da ya fi shi?"

Shi ya ba da aurenta da bakinsa, ya riƙe hannun angon ya daɗe bai saki ba, ya ce Allah ya sa albarka, ya ba su zaman lafiya. Amarya ta amsa da amin tana share hawaye, don ta san abin da auren nan ya ci. Har yau ba a mayar wa Yaya jirgi ba.